Blender, Maya Indie ko Houdini: ina mai ƙera wasa shi kaɗai zai sa kuɗinsa?

Wanda ke ƙera wasan kwamfuta shi kaɗai, ko 'yar ƙungiya ta mutum uku zuwa biyar da ba su da kamfanin da ya ɗauki nauyinsu, abin da suke buƙata daga manhajar 3D bai kai na masu shirya fim faɗi ba. A gina siffa, a shimfiɗa mata UV, wato a baje fatarta a kan hoto shimfiɗaɗɗe, a yi mata fenti, a sa mata ƙwarangwal, a koya mata motsi, sannan a kai ta cikin injin wasa, wato manhajar da ke haɗa wasan ta gudanar da shi, irin su Unity, Unreal ko Godot, ta sauka lafiya. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ma'aunin gaskiya. Manhajar da za ta fitar maka da hoto mai ɗaukar ido bayan minti ashirin tana lissafi ba ta tsinana maka komai ba, domin wasa yana zana allonsa ne sau 30 ko sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Idan sau 60 ne, kowane hoto yana da milisakan 16 da 'yan kai, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne jarumin wasanka da bishiyoyi da inuwa da hayaƙi duk za su raba abin da ke akwai.

Hukuncina tun daga farko shi ne: Blender ta zama uwar ɗakin aikin, kuɗi kuma a kashe su a wurare biyu ko uku da take ɗingishi. Amma sai mutum ya san inda ɗingishin yake, don nan ne yawanci ake ɓata makonni.

Blender kyauta ce, kuma kyautar ba tarko ba ce. Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, shi ya kafa ta, kuma da kamfaninsa ya karye a 2002 sai masu amfani da ita suka haɗa Yuro 100,000 cikin makonni bakwai aka fanso ta daga hannun masu jari, aka sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, mai barin kowa ya yi amfani da manhaja ya kuma gyara ta. Wannan lasisi manhajar kanta ya shafa, bai shafi abin da ka ƙera da ita ba. Siffofinka naka ne, ka sayar da wasanka dala goma ko ka samu miliyan, babu mai zuwa ya nemi kasonsa. Ba ta neman rajista, ba ta neman intanet kafin ta buɗe, har a kan filashi ana iya ɗaukar ta. Waɗanda suka gwada ta kafin 2019 suka gudu saboda baƙin tsarinta, ya kamata su sake leƙawa, don tun fitowar siga ta 2.80 a watan Yulin 2019 aka sauya mata fuska gaba ɗaya. A shekarar ce kuma Epic Games, masu injin Unreal, suka ba gidauniyarta tallafin dala miliyan 1.2.

A wajen gina siffofi masu kaifin gefe, irin su bindiga, ƙofa, mota ko ginin dutse, ba na ganin wata manhaja mai tsada ta fi ta sauri a hannun wanda ya haddace maɓallanta. Tsarin modifaya shi ne ƙarfinta: ka gina rabin abu, Mirror ta cika maka ɗaya rabin, Bevel ta rage kaifin gefuna, Array ta jera maka kwafi, kuma duk wannan bai taɓa asalin siffar ba, kana iya komawa ka gyara ko bayan wata guda. Shimfiɗar UV ɗinta ta wadatar. Ga wanda bai saba da kalmar ba, UV kamar fiɗar dabba ce a baje fatar a ƙasa: kai ne za ka zaɓi inda wuƙa za ta bi, kuma a nan ake gane gwani, don ana ɓoye tsagar ne a inda idon mai wasa ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin hammata ko bayan kunne. Ka bar tazarar fiksel 16 tsakanin yanki da yanki a hoto mai faɗin 2048, in ba haka ba idan abin ya yi nisa da kyamara, injin ya koma ƙaramin kwafin hoton, launin wani yanki zai tsiyayo cikin wani ka ga baƙin zare a jikin siffar.

Inda ake shan wahala shi ne fitar da siffa zuwa injin wasa. FBX, wanda shi ne fayil ɗin da Unity da Unreal suka fi sabawa da shi, mallakar Autodesk ne, kuma sharuɗɗan kayan aikinsa ba su jitu da GPL ba. Saboda haka mutanen Blender da kansu suka rubuta nasu mafitarin. Yana aiki, amma ba ya yafe sakaci. Ƙari a kan haka, manhajojin nan ba su yarda da juna ba a kan ina ne sama. A Blender da Unreal layin Z ne ke kallon sama, a Unity da Godot layin Y ne. Ma'aunin Unity ɗaya mita ɗaya ne, na Unreal santimita ɗaya. Wannan shi ya sa za ka kai jaruminka Unity ka tarar an rubuta masa juyi na kusan digiri 90 a layin X da girma 100, ko ka kai shi Unreal ka tarar ƙwarangwal ɗinsa ya zo da ma'aunin da ke rikita lissafin faɗuwa da karo.

Maganin ba shi da wuya, sai dai a yi shi tun kafin a sa ƙashi. Ka zaɓi siffar ka danna Ctrl da A ka tabbatar da juyi da girma, har ka ga girman ya koma 1 a layuka uku. Siffar da aka juya da girma mai alamar ragi, wato -1, idan aka tabbatar da ita fuskokinta kan juya ciki, a injin sai ka ga ana hango cikinta ta waje, don haka ka kunna Face Orientation ka duba kafin ka fitar. Don Unity, ka sa Apply Scalings a kan FBX All, sannan a cikin Unity ka kunna Bake Axis Conversion. Akwai wani akwati a Blender mai suna Apply Transform wanda ke gyara juyin, yana da kyau ga duwatsu da kujeru, amma ka nisance shi a kan duk abin da ke da ƙashi, yana karya motsi. Don Unreal, ka mayar da ma'aunin fayil ɗin 0.01 tun ranar farko ka yi gininka a haka, ka sa Smoothing a kan Face don kauce wa gargaɗin da injin ke yi. A duka biyun ka kashe Add Leaf Bones, domin yana ƙara wani ɗan ƙashi marar amfani a ƙarshen kowane yatsa, ka kuma kunna Only Deform Bones. Masu aiki da Godot sun huta da yawancin wannan, don glTF, wani nau'in fayil na daban, shi ne abincin injin, kuma mafitarin glTF na Blender yana cikin mafi inganci. Godot 4 ma tana karɓar fayil ɗin Blender kai tsaye matuƙar manhajar tana kan kwamfutar.

Wani abu da ke ba sababbin hannu mamaki: kyakkyawar fatar da ka haɗa da ƙulle-ƙullen nod a Blender, mai tsatsa da tsagewa da ƙyalli, ba ta bin siffar zuwa injin. Lissafi ne da injin zane na Blender kaɗai ya san karatunsa. Dole a gasa shi ya koma hotuna na zahiri. Haka ma duk wata dabara da ka ɗaura wa ƙasusuwa, kamar IK mai sa ƙafa ta manne a ƙasa yayin da ƙugu ke sauka, ba ta tafiya, sai an gasa motsin firam bayan firam, wato hoto bayan hoto.

Batun ƙwarangwal yana buƙatar a ɗan tsaya. Rigify, wadda ke zuwa tare da Blender, tana ba mai motsa siffa linzami mai daɗin riƙo, amma don fim aka tsara ta. Tana haifar da ɗaruruwan ƙasusuwa, kuma waɗanda ke jan fata, masu farawa da DEF, ba a jere suke uwa da 'ya yadda injin wasa ke so ba. Mafita biyu ce. Ko dai ka gina ƙaramin ƙwarangwal na daban, mai ƙashi 50 zuwa 70 ga siffar mutum, da ƙashin tushe guda a tsakiyar ƙasa tsakanin ƙafafu, ka ɗaure shi ya riƙa kwaikwayon na Rigify, shi kaɗai za ka fitar. Ko kuma ka sayi Auto-Rig Pro, ɗan ƙari ne da ake saye sau ɗaya da 'yan dalolin da ba su taka kara sun karya ba, yana da mafitari na musamman don Unity da Unreal. A ganina wannan na cikin kuɗi mafi albarka da mai aiki da Blender zai kashe. Ko wacce ka bi, ka taƙaita ƙasusuwan da ke jan kowane ɗigo zuwa huɗu ta hanyar Limit Total, ka bi da Normalize All. Injuna da yawa, musamman a waya, huɗu suke ɗauka su zubar da saura, kuma idan injin ne ya zaɓar maka waɗanda zai zubar, kafaɗa da gwiwar hannu ne ke fara murɗewa.

Sannan ka mayar da gudun firam 30 kafin ka soma motsi, don Blender da 24 take buɗewa, ma'aunin fim. Kuma kowane motsi da ka gama, tafiya ko gudu ko tsalle, ka danna masa alamar garkuwa ta Fake User. Blender tana share duk abin da babu mai amfani da shi idan aka ajiye fayil aka sake buɗewa, kuma aikin kwana biyu kan salwanta ta wannan hanya ba tare da ko gargaɗi ba.

To ina Maya ta shigo? Maya Indie ita ce cikakkiyar Maya ta kamfanin Autodesk, babu abin da aka cire, a kan kusan dala 300 a shekara, alhali cikakken lasisin ya ninka haka sau shida ko fiye. Sharaɗin shi ne kuɗin shigarka daga aikin ƙira kada ya kai dala 100,000 a shekara, kada a yi amfani da ita a aikin da darajarsa ta haura haka, kuma lasisi ɗaya ne ga mutum ko ƙungiya. Wannan na ƙarshe shi ke kayar da ƙungiyoyi masu mai zane fiye da ɗaya. Adadin kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a karanta sharuɗɗan da kyau. 3ds Max ma tana da irin wannan tsari, sai dai a Windows kaɗai take aiki.

Gaskiya ita ce a fagen motsi Maya tana gaba. Allon lanƙwasar motsinta ya fi natsuwa, tana da tsarin ɗora motsi a kan motsi hawa-hawa, ta yadda za ka ƙara wa tafiya ɗingishi ba tare da ka taɓa asalin tafiyar ba, abin da a Blender sai an zagaya ta NLA, allonta na jera guntayen motsi. HumanIK ɗinta tana kwashe motsi daga wani ƙwarangwal zuwa wani cikin sauƙi. FBX kuwa ɗan gida ne, ba a faɗa da shi. Idan wasanka na dambe ne ko na takobi, inda jarumi ɗaya ke da motsi 150 kuma nauyin kowane sara ne ke sayar da wasan, ko kuma kana son ɗaukar ƙwararren mai motsa siffa wanda ya yi shekaru goma a Maya, to kuɗin sun cancanta. Haka ma wanda ke fatan neman aiki a manyan kamfanoni daga baya. Amma ka yi lissafin da tsawon aikin: shekara uku dala 900 ke nan, kuma ranar da ka daina biya, fayilolinka suna nan amma ƙofarsu a kulle. Duk wanda ya bi wannan hanya ya riƙa ajiye kwafin FBX na kowace siffa da kowane motsi a gefe. Kuma giɓin kwashe motsi ya ragu, tunda Unreal 5 tana da IK Retargeter, Unity kuma tana da tsarin Humanoid, dukansu suna yin aikin a cikin injin.

Wannan batu na kullewar ƙofa ba tsoro ne na banza ba. Autodesk ta sanar da dakatar da Softimage a 2014. Maya LT, wadda aka yi musamman don masu ƙananan wasanni, an daina sayar da ita a ƙarshen 2022. Foundry ta sanar a ƙarshen 2024 cewa ta daina raya Modo, manhajar da masu gina siffa da yawa ke ƙauna. Mutum na zuba shekaru yana horar da yatsunsa a kan manhaja, kuma wannan horon ya fi kuɗin lasisin tsada nesa ba kusa ba. Blender ba ta da mai ita guda da zai wayi gari ya rufe shago. Abin da kawai zan ja kunne a kai shi ne kada a riƙa bin kowace sabuwar siga a tsakiyar aiki. A ɗauki mai tambarin LTS, wadda ake yi wa gyara har shekara biyu, kamar 4.2 ko 4.5, kowa a ƙungiyar ya tsaya a kanta har wasan ya fita, don ƙananan ƙarin da aka dogara da su kan karye idan siga ta sauya.

Houdini Indie ta kamfanin SideFX wata dabba ce daban. Tana ƙasa da dala 300 a shekara, da iyakar kuɗin shiga ta dala 100,000 da lasisi uku ga ƙungiya. Ba a gina siffa da hannu a cikinta, ƙa'ida ake ginawa: ka ja layi, ita ta shimfiɗa maka titi da fitilu da shinge, ka lanƙwasa layin komai ya bi. Houdini Engine kuma tana kai wannan ƙa'ida cikin Unreal ko Unity mai tsara filin wasa ya yi amfani da ita a can. Ga mai gina babban birni ko rushewar gini, babu kamarta. Ga mai wasa mai ɗakuna goma sha biyu, watannin koyonta sun fi abin da za ta rage masa, kuma Geometry Nodes na Blender sun isa su watsa masa ciyawa da duwatsu.

Sassaƙa fa? ZBrush tana ɗaukar fuskoki miliyan gommai a kwamfutar da Blender za ta fara nishi tun a 'yan miliyoyi, kuma ZRemesher ɗinta ta fi abin da Blender ke da shi wajen sake saƙa siffa da fuskoki kaɗan. Tun da Maxon ta saye ta a ƙarshen 2021, zamanin sabuntawa kyauta ya wuce, an karkata ga biyan haya. Sai dai tambayar ita ce ko wasanka zai nuna ramukan gumi a fatar dodo. Idan kyamara tana sama tana hango jarumi kamar ɗan yatsa, amsar a'a ce. Mai son saye na dindindin ya duba 3DCoat, wadda ta yi fice a sake saƙa da UV, ko Nomad Sculpt ga mai allon hannu.

Inda zan ce a buɗe jaka ba tare da jinkiri ba shi ne fenti. Blender tana fenti, amma ba ta da tsarin hawa-hawa na gaske da zai shafa launi da kaushi da ƙarfe a shafa ɗaya. Substance 3D Painter, wadda Adobe ta mallaka tun 2019, ita ce ma'aunin wannan fage. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ana sayar da ita a Steam saye ɗaya, tsakanin dala 150 zuwa 200, ta zama taka, da sabuntawa na zangon shekarar da ka saya. Tana gasa taswirar lanƙwasa da ta inuwar lungu, sannan ta yi amfani da su ta sa gogewa a gefuna da datti a kwari da kanta. Aikin yini guda a Blender kan koma na awa biyu. Wanda aljihunsa bai kai ba, ArmorPaint tana nan da araha sosai, ko da yake ba ta kai ta nuna ba.

A nan ma akwai ramuka uku. Taswirar tudu da kwari, wadda ke sa siffa mai alwatika 15,000 ta yi kama da mai miliyan biyar, iri biyu ce: Blender da Unity da Godot suna bin tsarin OpenGL, Unreal tana bin DirectX, bambancin kuwa koren launi ne a juye. Idan ka ga ƙusoshi sun lotsa maimakon su taso, ka juya koren, shi ke nan. Na biyu, ka mayar da siffar alwatika zalla kafin gashi, ka kai wannan kwafin ɗin injin, don kowace manhaja da yadda take raba murabba'i gida biyu, kuma idan rabon ya saɓa sai inuwa ta karkace. Duk gefen da ka sa wa kaifi kuma ya zama akwai tsagar UV a kansa. Na uku, Unreal ta saba da hoto guda mai ɗauke da inuwar lungu a ja, kaushi a kore, ƙarfe a shuɗi, kuma dole ka kashe masa sRGB, in ba haka ba komai zai yi ƙyalli kamar an shafa masa mai. Unity kuwa santsi take karantawa, kishiyar kaushi, don haka a zaɓi tsarin fitarwa da ya dace da injin tun daga Painter.

Mixamo ta Adobe kyauta ce, tana sa wa siffar mutum ƙashi cikin mintuna kuma tana da tarin motsi. Ta dace da gwajin farko, amma masu wasa sun ga waɗannan tafiye-tafiyen sau ba adadi, kuma ba ta san dabba mai ƙafa huɗu ba. Cascadeur tana taimaka wa tsalle da faɗuwa su bi nauyin jiki, amma a duba abin da sigar kyauta ta yarda a fitar kafin a dogara da ita.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da nake ba da shawara ba ya wuce mako guda. Kafin ka biya ko sisi, ka gina akwati mai murfi, tsayin mita ɗaya daidai, da ƙashi biyu da motsin buɗewa na firam 30. Ka shimfiɗa masa UV, ka gasa masa taswirar tudu da kwari daga kwafi mai yawan fuskoki, ka yi masa fenti, ka ƙara masa siffar karo mai sauƙi, wadda a Unreal sunanta ke farawa da UCX_ a bi da sunan akwatin, a Godot kuma ake ƙara wa sunan -colonly a ƙarshe. Ka kai shi injin ka ajiye shi kusa da kubin injin mai mita ɗaya. Ka duba ko tsayinsu ya zo ɗaya, ko girmansa na nuna 1, ko murfin na juyawa a kan maɗaurinsa, ko haske na sauka daidai idan ka zagaya fitila. Sannan ka koma manhajar ka ƙara wa akwatin marfin kwaɗo, ka sake fitarwa a kan tsohon fayil ɗin, ka ƙirga dannawa nawa da minti nawa ya ci kafin gyaran ya bayyana a cikin wasa. Wannan zagayen za ka maimaita shi sau dubbai kafin wasan ya fita. Maya tana ba da gwajin kwana 30 kyauta, Painter ma haka, don haka ana iya yin akwatin a kowacce a cikin wata ɗaya a kwatanta mintunan.